Daga Gidan Rumji Zuwa Gazawa: Sanin Ƙwari Da Kwaɗi Ma Jari Ne

A ƙasashe irin su Kenya da Tanzaniya akwai wata sana'a mai kawo kuɗi, inda baƙo zai taso tun daga Turai ko Amurka ya biya maƙudan kuɗi a ɗora shi a buɗaɗɗiyar mota a zaga da shi daji domin kallon namun dawa. Ranar da zaki ya ƙi fitowa, sai ɗan jagora ya tsayar da mota ya nuna masa buzuzu yana mirgina kashin shanu, ko fara a kan ciyawa, ko kwaɗo a bakin tabki, ya faɗa masa sunan kowanne da halinsa, baƙo kuwa ya ɗauki hoto ya rubuta a littafi yana murna. Mu ma nan jihar Maraɗi muna da gandun dajin Gadabeji a arewacin Dakwaro, wanda aka keɓe tun 1955, aka kuma kai masa raƙuman dawa takwas daga Kure a shekarar 2018.

To amma ba sai mun je Gadabeji ba. Duk wanda ya hau motar kasuwa daga Gidan Rumji ya bi kwalta ta Tibiri da Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye ya sauka Gazawa, ya ratsa ta cikin irin waɗannan halittu, kuma ba wanda ya karɓi ko dala a hannunsa don kallonsu. Bambancinmu da wancan baƙo shi ne, shi kallo ya kawo shi, mu kuwa abincinmu da jarinmu da lafiyar ƴaƴanmu na rataye da su.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wata waya da aka bugo mini ina cikin gabatar da shiri a gidan rediyon da nake aiki. Wata baiwar Allah ce mai suyar fara, sa'ar mahaifiyata. Ta ce ta sari fara da araha a hannun wani da ba ta saba ciniki da shi ba, ta soya ta kai bakin makaranta, kafin la'asar yara uku sun kama amai da ciwon ciki, cikinsu har da jikarta. Allah ya kiyaye, sun warke. Amma sauran farar sai zubarwa ta yi, kuma iyayen yara suka daina barin a saya wurinta. Na ce mata, Inna, kin tambaye shi inda aka kamo ta? Ta ce, ɗan nan, shekara nawa ina wannan sana'a ban taɓa tambaya ba. Tun daga ranar na ƙudura cewa sai mun zauna mun yi wannan karatu tare.

Fara ba ɗaya ba ce

A baki dai fara muke cewa, ko hwara kamar yadda muke faɗa a nan Katsinar Maraɗi da Gobir, amma iri-iri ce, kuma sunayen da ake ba kowace sukan bambanta daga ƙauye zuwa ƙauye. Saboda haka kama ta fi suna amfani.

Wadda ta fi yawa a gonakin hatsinmu ita ce ƴar ƙaramar nan da masana ke kira farar Senegal. Tsawonta bai wuce gaɓa biyu na ɗan yatsa ba, wata kore wata ruwan ƙasa. Idan kika duba bayan wuyanta za ki ga zane kamar an gicciya layi biyu, idan kuma kika buɗe fiffikenta na ciki za ki tarar da shi rawaya-rawaya da baƙin zobe. Tana binne ƙwanta cikin rairayi a ƙarshen damina, ƙwan ya kwana rani gaba ɗaya, ruwan farko na sauka ya ƙyanƙyashe. Shi ya sa wata shekara manomi kan shuka sau biyu ko uku, don ƴaƴanta sun cinye tsiro. Tana bin damina zuwa arewa, ta juyo kudu daidai lokacin da hatsi ke nono. Ta yi mummunar ɓarna a yankin Sahel a 1985 da 1986.

Akwai kuma manya irin su babe, masu tsoka, waɗanda masu saye suka fi so kuma suka fi tsada a tiya. Sannan akwai farar itace, mai launin toka da duhu, wadda ke wuni a kan aduwa da ƙayoyi, ta tashi da magariba. Duk waɗannan ana cin su, kuma abinci ne na gaske, domin fiye da rabin nauyin busasshiyar fara sinadarin gina jiki ne, irin wanda ake nema a nama da kifi. Ba banza ba buhunan fara ke tashi daga jihar nan zuwa kasuwar Katako a Yamai, wasu kuma su tsallaka Katsina da Kano.

Wadda ba a ci kowa ya santa: farar tumfafiya. Rawaya ce shar da zane-zane masu ɗaukar ido, ba ta da saurin gudu, kuma idan aka taɓa ta takan fesa wani ruwa mai wari. Tana cin ganyen tumfafiya ta tara dafinsa a jikinta, dafin da ke taɓa zuciya, shi ya sa ko tsuntsu ba ya kula ta. A nan akwai ƙa'idar da ta dace kowace uwa ta koya wa yaran da ke fita kamu: ƙwaron da ya yi ado da launi mai haske, kuma bai damu da ya ɓuya ba, yawanci yana da abin da ya dogara da shi. A bar shi inda aka gan shi.

Sai babbarsu, farar ɗango, mai tafiya runduna. Idan tana ita kaɗai a hamada launinta kore ne ko ruwan ƙasa, ba ta damun kowa. Idan aka yi ruwa mai yawa a wurare irin su Tamesna da duwatsun Ayar, ta hayayyafa ta cunkushe, sai halinta da launinta su sauya: ƴaƴan su zama baƙi da rawaya suna tafiya a ƙasa tamkar sojoji, sabbin masu fiffike su yi ja-ja, waɗanda suka isa yin ƙwai su koma rawaya. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa rundunar da ta rufe fili mai kilomita ɗaya tsawo da faɗi tana ɗauke da fara miliyan 40 zuwa 80, tana cin abin da mutum 35,000 za su ci a rana, kuma tana iya tafiyar kilomita 150 a wuni guda.

Ba mu manta da 2004 ba, shekarar da ta shigo ƙasar nan ta haɗu da ƙarancin ruwa. A 2005 farashin hatsi ya ninka, gidajen kula da yara masu tamowa suka cika a Maraɗi. Bayan wannan masifa ne aka kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da farar ɗango. Ɗan kasuwa yana shiga lungunan da ma'aikaci ba ya shiga, don haka duk wanda ya ga fara ja-ja ko rawaya tana tafiya a tare, ya kama guda biyu ko uku ya kai wa malamin gona mafi kusa, ko ya ɗauki hotonta da salula ya aika masa.

Farar da ta sha magani

Yanzu mu koma kan matsalar Innarmu. Haɗarin da ya fi girma a sana'ar fara yana zuwa ne daga feshi. Idan fara ta yi yawa, ma'aikatan kare tsirrai da ƴan birgadin ƙauye sukan fesa magani, manoma ma sukan sayi nasu a kasuwa su fesa. Farar da maganin ya taɓa takan faɗi ƙasa, ko ta kasa tashi, sai ta yi sauƙin tsinta. Wanda bai sani ba, ko wanda ya sani amma kwaɗayi ya rufe masa ido, sai ya share ta ya cika buhu. Tafasawa da shanya da suya ba su da tabbacin fitar da irin wannan guba.

Farar kirki da sanyin asuba ake kama ta, lokacin da ɗari ya ɗaure mata jiki, ana haska ta da tocila, a kawo ta gida da ranta, a zuba a tafasasshen ruwan gishiri, a shanya. Wadda aka tsinta a mace, ko aka kama da tsakar rana tana layi kamar mai maye, ba ta sayarwa ba ce. Bayan ta bushe ido ba ya iya rabe su, saboda haka makamin mai sari shi ne tambaya. Daga wane ƙauye? Yaushe aka kama? An yi feshi a wajen kwanan nan? Ki tura hannu tsakiyar buhu ki ɗebo ki sansana. Idan kika ji warin kananzir ko na magani, ki mayar. Idan farashi ya faɗi ƙasa da na kowa ba dalili, wannan arahar ita ce abin tsoro. Kuma ya fi kyau mace ta riƙe mutanen da ta sani, waɗanda in wani abu ya faru ta san ƙofar gidansu.

Alamomin wannan guba a jikin mutum su ne yawan yawu da gumi, amai da zawo, tsukewar ƙwayar ido, rawar jiki da wahalar numfashi. Wanda ya ga haka, musamman ga yaro, kada ya tsaya ba shi madara ko manja, kada kuma ya tura masa yatsa a maƙogwaro. A garzaya gidan likita, a tafi da ragowar abin da ya ci.

Murzuna da ɗan mitsitsin maƙiyinta

Tsakanin Cadawa da Agye, a watan Agusta zuwa Satumba, mai lura zai iya karanta farashin kaka tun daga tagar mota. Idan ka ga zangarniyar hatsi da wani zane da ya nannaɗe ta kamar an zagaya ta da wuƙa, ƙwayar na zubewa, to murzuna ce. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne na dare, mai launin ƙasa, da ke ajiye ƙwai a kan sabuwar zangarniya. Tsutsar ita ke yanke furen daga ciki. A shekarar da ta yi ƙarfi tana iya cinye fiye da rabin gona. Idan ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa, ta jira wata damina.

Maganinta wani ƙwaro ne, ɗan mitsitsi dangin zanzaro, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, masana na kiransa Habrobracon hebetor. Macen takan harbi tsutsar murzuna ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta, ƴaƴanta su cinye ta. Masu bincike na cibiyar INRAN da ke Tarna, da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, sun daɗe suna aiki a kan kiwon wannan ƙwaro. Ana zuba shi a ƴan ƙananan buhunan algarara tare da ɗan hatsi da tsutsar da zai ci, a ajiye a gefen ƙauye lokacin da hatsi ya fara fitar da kai, daga nan ya bazu cikin gonaki. Har an koya wa wasu ƙungiyoyin manoma kiwonsa suna sayarwa, wato shi ma ya zama haja. Wanda ya ga irin wannan ɗan buhu a rataye a itace, kada ya ɗauka sammu ne ya tsinke shi. Kuma feshin da aka yi barkatai yana kashe wannan ɗan taimako tun kafin ya kashe murzunar da ke ɓoye cikin zangarniya.

A daidai wannan lokaci ne kuma hangara ke fitowa tana cin bununin hatsi, da dare ta biyo hasken fitila har kan teburin mai shayi da mai tsire. Doguwa ce mai taushin fiffike, wata toka-toka, wata baƙa da ratsin ja ko rawaya. Ruwan jikinta ne ke tayar da bororo kamar ƙunar wuta. Idan ta sauka a wuya ko hannu, a hure ta ko a kaɗe ta da tsumma, kada a murje ta, in kuma an riga an murje a wanke wurin da ruwa da sabulu nan take. Masu tsince fara su lura kada ta shiga cikin kaya, domin gubarta ba ta mutuwa da wuta. Abin mamaki, ƴaƴan hangara a cikin ƙasa ƙwan fara suke ci, shi ya sa shekarar da ta biyo bayan yawan fara takan zo da yawan hangara.

Ɓarawon da ke cikin buhu

Masu ajiyar wake a Agye da Gazawa sun san wani ƙwaro da ba a gani a hanya, sai a sito. Tun daga gona yake biyo waken. Alamarsa ta farko wasu ƴan fararen ɗigo ne manne a bayan ƙwayar, waɗanda su ne ƙwansa. Tsutsar ta huda ta shige, ta ci ta girma a ciki, cikin kamar wata guda ta fito ta bar rami zagayayye, ta sake yin wasu ƙwan. Wanda ya iya ganin ɗigon nan ranar saye ya san abin da zai tarar bayan wata uku.

Da yawa daga cikinmu piya-piya muke yayyafawa, ko mu jefa ƙwayar magani a buhu mu ajiye a ɗakin da ake kwana. Wannan ya sha halaka mutane. Yana kuma kashe kasuwa: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa. Alhali akwai buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a yankinmu daga 2007 tare da masu binciken Maraɗi. Idan aka zuba busasshen wake aka ɗaure kowane riɓi daban, iska ta ƙare wa ƙwaron ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Sharaɗin kawai kada ledar ta huje, kuma a nisanta ta da ɓera.

Masu kukan tabki

Ta ɓangaren Gidan Rumji da Tibiri, inda Gulbin Maraɗi ke malala, da kuma kwarin Gulbin Kaba ta wajen Gazawa, daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi ba a barci don kukan kwaɗi. Da muna yara an ce mana daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Gaskiyar ita ce a ƙarƙashin ƙafafunmu suka yi rani. Wasu sukan tona rairayi da ƙafafun baya su nutse, wasu har sukan lulluɓe kansu da tsohuwar fatarsu don kada su bushe, su yi watanni ba ci ba sha. Maza ne kawai ke kukan, suna kiran mata, kuma kowane iri da muryarsa.

Rabe su ba wuya. Kwaɗon gida, wanda ke zama ƙarƙashin randa, fatarsa busasshiya ce mai ƙuraje, ƙafafunsa gajeru, tsallensa kaɗan, kuma bayan kowane ido yana da wani kumburi mai fitar da farin ruwa mai guba. Shi ya sa karen da ya cafke shi ke kumfar baki. Taɓa shi ba ya sa kuturta ko ƙuraje, sai dai a wanke hannu kafin a taɓa ido ko abinci. Ƙwansa a jere yake cikin dogon zare kamar carbi. Shi kuwa burduddugi da danginsa na ruwa, fatarsu santsi gare ta, cinyoyinsu manya, tsalle ɗaya sun faɗa tabki. Irin waɗannan ne ake kamawa a wasu sassan Afirka ta Yamma a banɗare a kai kasuwannin kudancin Najeriya.

Me ya haɗa ƴar kasuwa da kwaɗo? Kwaɗo ɗaya yakan kwana yana lashe ƙwari, daga gara da shinge zuwa ƴaƴan fara da tsutsotsin lambu, ba a biyansa ko tamma. Ƴaƴan babban kwaɗon ruwa ma sukan ci tsutsar sauro. Sannan fatar kwaɗo tana shan duk abin da ke cikin ruwa, don haka guba ta fi saurin kama shi. Tabkin da aka saba jin hayaniyarsa kowace damina, idan aka wayi gari kwaɗi sun mutu a bakinsa, a bincika ko wani ya wanke famfon feshi ko galan ɗin magani a ciki, domin ruwan nan shi awakinmu ke sha, a cikinsa yara ke wanka, da shi ake ban-ruwan latas da tumatir da muke kasawa. Haka ma shamuwa da balbela da muke gani suna bin gonaki, fara suke ci, kuma farar da ta sha magani tana kashe su.

Abin da ya rage gare mu

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wannan ilimi kuwa ba a Turai yake ba, yana wurin tsofaffinmu da yaran da ke fita kamun fara da asuba, da malaman gona da ke kowace gunduma. Ina roƙon shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata a Gidan Rumji da Agye da Gazawa su nemi ma'aikatan gona su riƙa sanar da ƙauyukan da aka yi feshi da ranar da aka yi, mu kuma a gidajen rediyo mu karanta sanarwar kamar yadda muke karanta farashin hatsi da na dabbobi. Wannan ba ya buƙatar kuɗin wani aiki daga waje.

Innar da ta bugo mini waya ta koma bakin sana'arta. Yanzu wurin mata biyu na ƙauyensu kawai take saye, kuma ta ce duk buhun da za ta karɓa sai ta tura hannu har gwiwar hannu ta sansana. Cinikin bai koma kamar da ba tukuna, amma yara sun fara dawowa.

Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, ya tsare mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.